Ɗan ƙauyen Amurka da ba ya son waƙar ƙauye: ina gizo ke saƙar?

Duk wanda ya tashi kusa da rediyo a shekarun 1980 da 1990 ya san muryar Don Williams ko da bai san sunansa ba, muryar nan mai sanyi kamar mutum na lallashin yaro ya yi barci, sai Jim Reeves, sai Kenny Rogers da Dolly Parton, kaset ɗinsu har a tasha ana sayarwa kuma akwai direbobin da ba sa jin ko kalma ɗaya ta Turanci amma ba sa tafiya sai da su. Mu a nan sunan abin kantiri, kuma mun ɗauka kowane Bature mazaunin ƙauye a Amurka da shi yake kwana yake tashi. To abin ba haka yake ba. A can akwai mutane da yawa da aka haifa a gona, suka yi kiwon shanu, suka tuƙa tarakta tun ƙafarsu ba ta kai birki ba, amma in ka kunna musu kantirin da gidajen rediyo ke sawa yau sai su ce don Allah kashe mana wannan abin. Kuma da zarar mutum ya faɗi haka sai a taso masa ta gaba da baya. Ɗan birni ya ce kai da kake baƙauye ai waƙarku ce, me za ka ji in ba ita ba? 'Yan garinsu kuma su ce oho, an je jami'a an waye, yanzu an fi ƙarfin waƙar gida ke nan.

Ni dai a ganina duka biyun ba su fahimce shi ba, kuma in ana so a gane sai an koma baya kaɗan, don rigimar ta girmi duk masu yinta.

A 1927 wani ma'aikacin kamfanin garmaho mai suna Ralph Peer ya sauka a garin Bristol da ke kan iyakar jihohin Tennessee da Virginia da na'urar naɗar murya, ya sa aka yi shela cewa duk mai waƙa ya zo a gwada shi. A wannan zaman ne aka samo Jimmie Rodgers, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa mai fama da tarin fuka, da iyalin Carter waɗanda suka gangaro daga tsaunukan Virginia, kuma yawancin masu tarihi daga nan suke fara ƙirga kantiri a matsayin sana'a. Amma kamfanonin ba kantiri suke kiran abin ba a lokacin. Sunan da suke bugawa shi ne waƙar hillbilly, kalmar da in za a kawo ta kusa da mu ita ce baƙauyen kan dutse, wanda ba ya sa takalmi, ga bindiga ga giyar da ya dafa a bayan gida. Wato tun ranar suna da zagi aka raɗa wa yaron. Sai a 1949 mujallar Billboard mai jera waƙoƙin da suka fi kasuwa ta koma kiran sashen da sunan kantiri.

Wani abin da aka yi a lokacin wanda har yau ake biyan bashinsa shi ne raba faifai gida biyu, na farare talakawa daban, na baƙaƙe daban da wani suna, alhali a gonakin kudu kiɗan a cakuɗe yake. Banjo ɗin nan da yanzu ake wa kallon tambarin farin baƙauye, asalinta bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera ta da ƙwarya da fata, duk wanda ya taɓa riƙe gurmi ko molo in ya ga tsohuwar banjo ba sai an yi masa bayani ba. A.P. Carter da wani baƙar fata mai jita, Lesley Riddle, suke yawo ƙauye-ƙauye suna tattaro waƙoƙi. Hank Williams, wanda ake ɗauka uban tafiyar gaba ɗaya, a wurin wani baƙar fata mai waƙa a bakin titi, Rufus Payne, ya koyi jita a Alabama. Kasuwa ce ta ja layi, daga baya mutane suka ɗauka haka Allah Ya halicci abin.

Sai batun kaya, wanda shi ne ya fi ba ni dariya. A 1925 wani kamfanin inshora a Nashville, babban birnin jihar Tennessee, ya buɗe gidan rediyo mai suna WSM, aka fara shirin daren Asabar wanda daga baya ya zama Grand Ole Opry, har yau ana yinsa. Mai gabatar da shirin, George Hay, ɗan jarida ne da ya san abin da mai saurare ke so. Makaɗan da ke zuwa da yawansu masu sana'a ne a gari ko kusa da gari, akwai ma likita sukutum a cikinsu, Dokta Humphrey Bate, kuma in za su ɗauki hoto kwat suke sawa da laktaye kamar kowa. Hay ya ce a'a, wannan ba zai sayu ba. Ya raɗa wa ƙungiyoyin sunaye na ƙauyanci, ta likitan ta koma mafarautan wata dabbar daji mai kama da gafiya, wata kuma masu shan giya a kwalbar adana 'ya'yan itace, aka sa su cikin kayan aikin gona da malafa aka ɗauke su hoto. To ka ga tun kusan shekara 100 da suka wuce ƙauyancin nan riga ce da ake ɗinkawa a birni a ba mawaƙi ya sa.

Kuma su wa ake sayar wa? Nan ne mutane ke kuskure. Ƙidayar 1920 ita ce ta farko da ta nuna mazauna birane sun fi na karkara yawa a Amurka, wato kantiri ta taso ne daidai lokacin da ƙauye ya fara zubewa. A 1935 akwai gonaki wajen miliyan 6.8 a ƙasar, yau ba su wuce miliyan 2 ba, kuma masu aikin gona ba su kai kashi 2 cikin 100 na ma'aikata ba. Miliyoyin mutane suka bar tsaunukan Appalachia suka nufi masana'antun mota da ƙarfe a Detroit da Chicago da biranen Ohio, wasu kuma fari da guguwar ƙura ta shekarun 1930 ta kore su daga Oklahoma da Texas suka faɗa Kalifoniya ana yi musu kallon banza. Waɗannan 'yan ci-ranin su ne manyan masu sayen faifan. Shi ya sa in ka lura tsofaffin waƙoƙin cike suke da kewar gida, jirgin ƙasa, uwa da aka bari, mashaya a garin da ba ka san kowa ba. Wanda ke zaune a ƙauye ba ya kewar ƙauye, wanda ya bari ne ke kuka. Duk wanda ya taɓa zama a Legas ko Kurmi ya ji an saki Shata a wani shago ya tsaya cak ya san abin da nake nufi.

Sai dai fa tsofaffin, duk da rigar da aka sa musu, talaucin nasu na gaske ne. Loretta Lynn 'yar mai haƙar kwal ce daga wani lungu a Kentucky, aka aurar da ita tana yarinya, kuma ta yi waƙa kan mijin da ke dawowa a buge, ta yi kan ƙwayar tsarin iyali a 1975 har gidajen rediyo da dama suka ƙi sawa. Dolly Parton su 12 ne wurin iyayensu a ɗan gidan katako a gabashin Tennessee. Johnny Cash ya tsinci auduga a Arkansas yana yaro. Merle Haggard a cikin tsohon taragon jirgin ƙasa da aka mayar gida ya tashi, ya yi zaman kurkukun San Quentin. Charley Pride ɗan manomin ƙodago ne daga Mississippi, baƙar fata, wanda kamfaninsa ya fara tura faifansa gidajen rediyo a 1966 ba tare da hoto ba don kar a gane launinsa tun kafin a ji muryar. Waƙoƙinsu na bashi ne, da saki, da kurkuku, da mutuwa, da zunubin daren Asabar da tuban safiyar Lahadi. Baƙauyen cikin waƙar yana da aibi amma cikakken mutum ne.

Yanzu ga inda zan ɓata wa masu cewa da can ne ake kantiri na gaske rai. Wace da ɗin? A ƙarshen shekarun 1950 Elvis da kiɗan rok suka kwashe matasa, kasuwar Nashville ta girgiza, sai furodusoshi irin su Chet Atkins da Owen Bradley suka cire gogen Turawa da jitar nan mai kuka da ake kwantarwa ana jan ƙarfe a kan tsirkiyarta, suka zuba kiɗa mai laushi da 'yan amshi don matan aure na birni su saya. Jim Reeves ɗin da muke ɗauka shi ne asalin waƙar ƙauye, daga wannan gyaran ya fito, kuma a lokacin akwai masu cewa an lalata musu waƙa. Su Buck Owens daga Bakersfield suka mayar da martani da kiɗa mai kaifi. A 1974 aka ba Olivia Newton-John, wadda ta tashi a Ostireliya kuma mawaƙiyar fof ce, wato waƙar zamani ta gama-gari, kyautar gwarzuwar mawaƙiyar kantiri, tsofaffin hannu suka fusata har suka kafa ƙungiyarsu daban. Shekarar da ta biyo baya Charlie Rich ya hau dandamali zai sanar da gwarzon shekara, da ya buɗe ambulan ya ga sunan John Denver sai ya ciro abin kunna sigari ya banka wa takardar wuta a gaban kyamara. Su Willie Nelson da Waylon Jennings suka yi tawaye suka tara gashi suka ce ba mai tsara musu kiɗa. A shekarun 1990 aka ce Garth Brooks da Shania Twain sun kashe ta. A 2000 George Strait da Alan Jackson suka rera waƙar da ke cewa an yi kisan kai a unguwar kamfanonin waƙa ta Nashville, gawar kuwa kantiri ce. Kusan duk shekara 15 sai an yi mata jana'iza, kuma wanda aka zarga da kisan shi ne zai zama dattijon da za a yi kewa nan gaba.

To in haka ne kukan na yau ma tsufa ne kawai ke damun mutane? Wani ɓangare e, babu shakka. Amma ba duka ba, akwai abubuwan da suka canja da gaske kuma ana iya nuna su da yatsa.

Babba a ciki shi ne rediyo. Kafin 1996 doka ta ƙayyade yawan gidajen rediyon da kamfani ɗaya zai mallaka, a shekarar aka yi sabuwar dokar sadarwa aka cire wannan shingen a matakin ƙasa, cikin 'yan shekaru kamfani guda, Clear Channel wanda yanzu ake kira iHeartMedia, ya tara tashoshi wajen 1,200. Da can ɗan gari ne ke zaune a situdiyo, ya san wanda saniyarsa ta ɓata, ya san mawaƙin gundumar, in ya ga dama ya sa faifansa. Bayan haɗewar sai jerin waƙoƙi ya koma ana tsara shi a ofis mai nisa, ana gwada ɗan guntun waƙa a kan masu saurare don a ga wadda ba za ta sa a murɗa tasha ba. Ka lura, ba wadda za ta taɓa zuciya ake nema ba, wadda ba za ta kori kowa ba kafin a kai ga talla. Mai tallan kuma ba manomin da ke nesa da kanti yake hari ba, yana neman mazauna rukunin gidajen gefen birni masu albashi, don ƙidayar 2020 ta nuna kashi 80 cikin 100 na Amurkawa a birane da kewayensu suke, karkara kashi 20 kacal. Tun 1991 ma aka gano haka, lokacin da aka fara ƙirga cinikin faifai da na'urar kanti maimakon tambayar masu shago, kwatsam sai ga Garth Brooks ya shigo a lamba ɗaya a jerin dukkan faifan ƙasar, aka gane ashe masu sayen kantiri sun cika manyan kantunan gefen birni.

Ita kanta waƙar yadda ake yinta aikin ofis ne. A Nashville akwai marubuta da kamfanoni ke biya, ana sa musu lokaci, mutum uku ko huɗu su shiga ɗaki da safe da kofi su fito da waƙa kafin la'asar, akwai mai kwamfuta a gefe yana haɗa kiɗan tun ana rubutu. Wannan tsarin ba sabo ba ne kuma ya fitar da manyan waƙoƙi, ban raina shi ba. Matsalar ita ce in abu ɗaya ya ci kasuwa kowa sai ya bi. A 2012 wasu samari biyu, Florida Georgia Line, suka fitar da waƙar da ta yi mako 24 a saman jerin kantiri, daga nan kamar an buɗe famfo. A 2013 wani marubuci, Jody Rosen, ya raɗa wa salon suna bro-kantiri, wato kantirin 'yan samari majiya ƙarfi, kuma kayan haɗin ba sa canjawa: a-kori-kura mai manyan tayoyi, hanyar da ba kwalta, giya mai sanyi, daren Juma'a, bakin rafi, da yarinya mai gajeren wando wadda ba ta da suna kuma ba ta magana, aikinta ta hau gefen direba. Kiɗan na kwamfuta ne irin na hip-hop, an goge muryar da na'ura, sai a ɗan yafa banjo a sama kamar yadda ake yafa yaji a kan tsire don a ce ai kantiri ce. Har akwai masu haɗa waƙoƙi shida a intanet su kunna su a tare ka ji kamar guda ɗaya ce.

Matan ma aka ture su gefe. A 2015 wani mai ba gidajen rediyo shawara, Keith Hill, ya fito fili ya ce in ana son masu saurare a rage sa waƙoƙin mata, ya kwatanta maza da ganyen salak mata kuma tumatirin da ake ɗan ɗorawa a kai. An yi ca a kansa, amma dai abin da ake aikatawa ne ya faɗa da baki. A sana'ar da Loretta da Dolly da Patsy Cline suka gina fa.

Yanzu sa kanka a takalmin wanda ke zaune a ƙauyen da gaske, ko ka ce a ƙaramin gari a West Virginia ko gabashin Kentucky. A farkon shekarun 1920 masu haƙar kwal a Amurka sun haura 800,000, yau ba su kai 50,000 ba. A shekarun 1980 bashin banki ya cinye gonakin iyalai da yawa har su Willie Nelson suka fara taron waƙa na tara wa manoma kuɗi a 1985. A 1996 aka fito da ƙwayar kashe zafin ciwo OxyContin, ta shiga yankunan ma'adinai da ƙarfinta inda jikin kowa ke ciwo saboda aiki, har aka yi mata laƙabi da heroin ɗin 'yan ƙauye, kamfanin da ya yi ta kuma ya amsa laifi a kotu kan yadda ya tallata ta. Asibitocin karkara sama da 100 sun rufe ko sun daina kwantar da marasa lafiya tun 2010, mace mai naƙuda sai ta yi tafiyar awa guda ko fiye. Matsakaicin shekarun manomi ya kai 58, yara suna gama sakandare suna guduwa. Wannan mutumin ne zai kunna rediyo a tsohuwar motarsa mai tsatsa ya ji wani da ke zaune a katafaren gida a gefen Nashville yana rera masa cewa rayuwar ƙauye shagali ce ba ƙarewa a bayan sabuwar a-kori-kurar da kuɗinta ya haura dala dubu 50. In ya ce ba ya so, ƙauyen ya tsana ko hoton da aka zana aka ce shi ne?

Ai mu ma mun san ciwon. Baƙauyen fim ɗinmu, wanda ya shigo birni da buhu a kai yana tsoron lifta yana gaida talabijin, 'yan birni ne suka rubuta shi, kuma manomin da ya san lissafin taki da farashin masara a Dawanau fiye da mai digiri yana kallo yana dariya amma ya san ba shi ba ne. A Amurka an daɗe ana wannan. Shirye-shiryen barkwanci na talabijin a shekarun 1960 sun cika da baƙauyen da ya yi kuɗi ya shiga birni yana abin kunya, sai kuma wani fim na 1972 da ya mayar da mutanen tsauni dodanni, tun daga lokacin in aka kaɗa banjo a fim ma'anarta gudu ka tsira. Bambancin kantirin zamani shi ne ita ba zagi take yi ba, yabo take yi, amma yabon da zagin hoto ɗaya suke nunawa: mutum mai sauƙin kai, ga giya ga mota ga bindiga, ba ya tunanin komai. Wancan ya ce dubi wawa, wannan ya ce e mu ne kuma muna alfahari. Wanda ke tsakiya, mai karatu, ko makanike mai jin kiɗan rok mai nauyi, ko yarinyar da ke son rap, ko malamar makaranta, ba shi a ko ɗaya.

Kalmar redneck, wato mai jan wuya, da ake yi wa farin baƙauye laƙabi da ita, ita ma haka aka yi mata. An fi danganta ta da jan wuyan manomin da rana ta gasa, amma a 1921 a dutsen Blair na West Virginia ma'aikatan kwal kusan 10,000 sun ɗaura jan ƙyalle a wuya suka ɗauki makami suka yi artabu da 'yan bangar kamfanoni kan haƙƙin kafa ƙungiyar ƙwadago, farare da baƙaƙe da baƙi 'yan ci-rani a sahu ɗaya, sai da aka turo sojan tarayya. Yau kalmar tana jikin riga da hula ana sayarwa, tarihin ƙwadagon kuma an bar shi a dutsen.

Siyasa ta ƙara dagula abin. Tun 1974 da Shugaba Nixon ya je buɗe sabon zauren Grand Ole Opry har ya kaɗa fiyano ake ƙoƙarin ɗaure kantiri a jikin jam'iyya ɗaya. A Maris 2003 mawaƙiyar ƙungiyar kantiri ta mata Dixie Chicks, Natalie Maines, ta faɗa a wani wasa a Landan cewa suna jin kunyar Shugaba Bush ɗan jiharsu Texas ne, ana gab da shiga Iraƙi, cikin kwanaki gidajen rediyo suka daina sa su, har aka tara faifansu aka bi ta kai da tarakta, su da suke kan gaba a kasuwa. Kowa a Nashville ya ɗauki darasi. A 2023 Jason Aldean ya fitar da waƙar da ke gargaɗin masu tada zaune tsaye cewa su gwada hakan a ƙaramin gari su gani, aka ɗauki bidiyon a gaban wata kotu a Columbia ta Tennessee inda gungun farare suka rataye wani saurayi baƙar fata, Henry Choate, a 1927. Tashar talabijin ta kantiri, CMT, ta janye bidiyon, rigima ta kai waƙar lamba ɗaya. Abin da 'yan ƙananan garuruwa da yawa suka lura da shi kuwa, ba shi ya rubuta waƙar ba, kuma shi ɗan Macon ne, birni mai mutum sama da 150,000. Gaskiya ne karkara ta fi karkata ga 'yan Rifablikan, a 2020 kusan kashi biyu cikin uku Trump suka zaɓa, amma hakan na nufin ɗaya cikin uku bai zaɓe shi ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna karkara ba farare ba ne, akwai baƙaƙen kudu da kakanninsu suka nome audugar, akwai 'yan asalin ƙasar a yankunansu, akwai 'yan Latin Amurka da suka cika garuruwan mayankar nama. Waƙar da ke cewa ita ce muryar ƙauye ba ta san da zamansu ba.

Amma fa kar a haɗa ƙin da ɗan ƙauye ke yi da na ɗan birni, ba iri ɗaya ba ne ko kusa. Akwai maganar da 'yan boko a can ke yawan yi in an tambaye su me suke saurare, su ce komai ina ji banda kantiri. Mutumin da zai zauna ya saurari kiɗan Mali da na Indiya don a ce ya waye, kantiri ce kaɗai ya ware, kuma in ka matsa ba zai iya kawo maka waƙa uku ba. Wannan ba kiɗan yake gudu ba, mutanen yake gudu, yana sanar da kai ne cewa shi ba ajinsu ɗaya da masu zama a gidan tirela, gidan talakawa da ake ja da mota, ba. Shi ya sa ɗan ƙauyen da ba ya son kantirin rediyo yake shiga tsaka mai wuya, in ya soke ta a gaban 'yan birni sai su yi masa tafi su ce ashe kai ba irinsu ba ne, sai ya ji kamar ya sayar da 'yan'uwansa, sai ka ga ya juya yana kare waƙar da shi kansa ba ya iya saurare. Wanda ya taɓa sukar garinsu a gaban baƙo ya ga baƙon ya fi shi zaƙewa ya san wannan ɗacin.

Da yawansu sun samu mafita ta wata ƙofar, don yanzu ba dole sai rediyo ba. Chris Stapleton, ɗan ma'aikacin kwal daga Kentucky, ya daɗe yana rubuta wa wasu waƙa, a 2015 ya hau dandamalin bikin kyaututtukan kantiri da gemunsa buzu-buzu ya buɗe murya, cikin kwanaki faifansa ya haye saman jeri ba tare da rediyo ta goya shi ba. Tyler Childers, shi ma daga gabashin Kentucky, yana waƙa kan kwal da ƙwaya da coci da karin harshen garinsu bai gyara ba, yana cika manyan filaye. Zach Bryan daga Oklahoma yana sojan ruwa ya fara ɗora waƙoƙinsa a YouTube da waya. Abin haushin shi ne masana'antar ta ƙirƙiro wa irin waɗannan wani akwati daban mai suna Amerikana, wato mai goge da labarin talauci a kai shi can, mai kiɗan kwamfuta shi ne kantiri. A 2018 da aka ba Childers kyauta a bikin Amerikana, a kan dandamalin ya ce shi fa mawaƙin kantiri yake ɗaukar kansa, wannan sabon sunan kauce wa matsalar ne kawai. Ko su ɗin ma ba zan rantse ba, akwai masu saurarensu a birni da ke son su don dai wahalar ƙauye tana da daɗin ji daga nesa, wata rigar ce ita ma, sai dai ta fi kama da jikin mai ita.

Masu gadin ƙofar kuma ba su da ma'auni ɗaya. Shekara da shekaru fararen samari na zuba kiɗan hip-hop a kantiri ba wanda ya tare su, amma a ƙarshen 2018 da Lil Nas X, baƙar fata daga Jojiya, ya fito da waƙarsa ta doki da kaboyi mai banjo a ciki, a 2019 Billboard ta cire ta daga jerin kantiri wai ba ta cika sharuɗɗa ba, ta je ta yi mako 19 a saman jerin ƙasa baki ɗaya. Beyoncé, haifaffiyar Texas, ta fitar da faifan kantiri a 2024, ƙungiyar kantiri ta Nashville ba ta sa sunanta a ko rukuni ɗaya na kyaututtukanta ba, masu babbar kyautar waƙa ta Grammy kuma suka ba ta kyautar faifan kantiri na shekara. A dai 2024 ɗin waƙar da ta fi kowace daɗewa a lamba ɗaya a jerin ƙasa baki ɗaya, mako 19 ita ma, ta wani ce mai suna Shaboozey, sunansa na yanka Collins Obinna Chibueze, iyayensa 'yan Najeriya ne, ya tashi a Woodbridge ta Virginia, unguwar gefen birni da ba ta da nisa da Washington. Waƙar kan ma'aikacin da aiki da tsadar kaya suka gajiyar ce ya tafi mashaya, an gina ta a kan wata tsohuwar waƙar rap ta 2004, kuma gidajen rediyon kantiri sun sa ta har ta gaji.